Hanyar da Ke Cikin Hoton Iya

Daura.

Yaya Firdausi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da maigida da yara. Na ba direba wannan saboda wayarku ba ta shiga.

Maƙwabcinmu Onuora mai kayan gyaran babur ya koma garinsu, ya bar wa Iya wani zanen bango: duwatsu, jajayen itatuwa, da 'yar hanya da ta sha bayan dutse. Na yarda a rataya don babu mai rai a ciki. To, Iya ta tare a gabansa. Na ce mata haka kakar wasu ƙasashe take, ganye ya yi ja ya zube. Ta ce in rufe mata baki, ta san wurin. Ko tuwo ta daina taɓawa. Hankalina ya tashi.

Ƙaninki,
Saminu.

Garin Babban Mutum.

Saminu sarkin tsoro,

Wa alaikumus salam. Matar da ko Katsina ba ta wuce ba, ina ta san dutsen Turawa? Tsufa ne. Ka dama mata fura, ka bar ta da kallonta. Ka gaishe ta.

Firdausi.

Yaya,

Bayan gaisuwa, ki daina dariya. Akwai mace a kan hanyar nan ta cikin hoton yanzu, ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero, ta ba mu baya, da shuɗin mayafi irin na Iya. Kullum na duba ta ƙara hawa, Iya kuma ta ƙara yin shiru. Jiya na kira ta, ta amsa kamar daga nesa. Tunda mai rai ya shiga, ina so in sa reza in kankare.

Saminu.

Saminu,

Na haɗa ka da Allah, kada reza ta taɓa matar nan! Ka zauna kusa da Iya, ka riƙe hannunta, ka yi ta kiran sunanta ko za ta waiwayo. Ina sallamar masu girbi zan taho.

Yayarki mai kuka,
Firdausi.

Yaya,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban taɓa hoton ba. Da hantsi matar ta sha bayan dutsen, Iya ta cika, hannunta na cikin nawa. Mun kai ta bayan azahar.

In kin zo ki tafi da hoton, kuma kada ki kalle shi. Tun da muka dawo na fara gane wurin.

Saminu.