Na Baƙo

Talata, 22 ga Yuli, ƙarfe huɗu da kwata na yamma

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ya aiki, ya tsayuwar asibiti, ya kuma ƙafar nan da kika ce tana kumbura? Mu nan lafiya lau, sai zafi. A teburin kicin nake rubuta miki, Mama tana kwance a falo fanka na kaɗa ta. Yau kwanana tara a gida tun da na karɓo sakamakon digirina. Na zaɓi takarda ne saboda a waya kullum cikin gaggawa kike. In na gama zan ɗauki hotonta in tura miki.

Ranar tukwane ta bana ta faɗo Asabar, 2 ga Agusta. Kamar kowane dogon hutu, kowane gida a danginmu zai zo da tukunyarsa, a shimfiɗa tabarmi a tsakar gidanmu a ci tare. Na rubuta mutum talatin da ɗaya. Ban sa ki ba, tunda kin ce ba a ba ki hutu ba. Gwaggo za ta kawo dankalinta mai ƙwai, ta kuma ja kunne kada wata ta kwaikwaye ta. Kawu ya ce shi ma da tukunya zai zo. Na tambaye shi abin da zai kasance a ciki, ya ce wannan sai lokacin tafiya gida za a sani. Tun da ya gan ni da sikeli a kicin ya laƙaba min Malama Giram, wai shekara huɗu na yi ina karatun kimiyyar abinci don in dawo in auna wa uwata albasa.

Ga shinkafar Mama da kika ce in rubuta miki. Jiya muka dafa ta gwaji, na auna komai kafin ya shiga tukunya. Shinkafa kofi huɗu, da farin kofin nan da hannunsa ya karye; kowane kofi giram 180 ne. Kaza ɗaya, a jiƙa ta awa biyu cikin ruwan lemon tsami uku da tafarnuwa da citta. Albasa manya uku, a soya a hankali har ta yi ja, minti goma sha huɗu a agogona. Karas biyu. Romon kazar kofi bakwai. Gishiri giram 16. A rufe, a rage wuta, kuma in ji Mama kada a buɗe sai tukunya ta daina magana. Na duba, minti ashirin da biyu ne.

Saura na baƙo. Kin san yadda take yi. In ta gama awo sai ta leƙa tsakar gida ta taga, ta ƙara cikin hannu ɗaya saboda wanda zai iya faɗowa. In ta hango fuskar da ba ta sani ba, ta ƙara wani hannun dominta. Kin tuna ranar da kika kwaso 'yan ajinku biyar, shinkafa ta ɗaga murfi? Jiya na tara mata kwano ta zuba a ciki. Giram 48.

Akwai abu biyu da nake so ki sani, ko da ba komai ba ne. Na tarar da ƙananan takardu manne a ƙofofin kabad da rubutun Mama: gishiri, kofuna, ashana. Guda goma sha ɗaya ne. Ta ce saboda ni ta manna su, don na daɗe ba na gida. Amma sun yi maiƙo, gefensu ya naɗe, ba na wannan watan ba ne. Na biyu, sau uku sunan lemon tsami yana ɓace mata. Ta ce in miƙo mata abin nan mai yamutsa fuska. Ta yi dariya, na taya ta.

Ke ce ma'aikaciyar jinya. In tsorona ne kawai ki gaya min, kin san halina.

Mama tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci a zaune.

Ƙanwarki,
Auta


Laraba, 30 ga Yuli, ƙarfe sha biyu saura minti ashirin na safe

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, ƙafa kuma ta yi sauƙi. Na ga saƙonki. Kin ce gajiya ce da shekaru, kuma tun rasuwar Baba shekara uku ke nan ba ta dawo daidai ba. Na karanta shi sau da yawa saboda ina son in yarda.

Ranar Litinin muka sake dafa shinkafar, don ina so in tabbatar da awona. Gwaggo ta zo duba tabarmi, tana zaune a tsakar gida tana kaɗa mayafi. Mama ta gama awo, ta leƙa taga, ta zuba na baƙo a kwanon da na tara. Sikeli ya nuna 101. Na ɗauka batir ne ya yi sanyi, har na buɗe durowa ina neman sabo. Sai Mama ta matso kusa da kunnena ta ce, "Ki kai wa matar can ruwa, tun ɗazu take zaune ba wanda ya kula ta."

Hannu biyu ta zuba, Yaya. Gwaggo ce, ƙanwar Baba, wadda suka shekara talatin da takwas suna faɗa a kan gishiri.

Na kai ruwan. Bayan minti ashirin Mama ta fita ta kira ta Sarkin Ƙorafi kamar yadda ta saba, suka hau musu a kan wace tabarma ce ta wa. Wanda ya shigo a lokacin ba zai ga komai ba.

Da na raka Gwaggo ƙofar gida ta riƙe min hannu. Ashe ta sani tun watan Maris. Sun haɗu a kasuwa, Mama ta amsa gaisuwarta da ladabi ta wuce. Na ce me ya hana ta faɗa mana. Ta ce wata huɗu ta yi tana gaya wa kanta cewa gaba Mama take yi da ita, don ta fi son hakan. Ban taɓa ganin Gwaggo tana goge ido ba sai ranar.

Jiya na kai Mama asibiti, na ce mata awon hawan jini za a yi. Likita ya faɗi kalmomi uku, ya ce ta riƙe. Bayan minti biyar ta kawo ɗaya. Ya ba ta takarda ta zana agogo, ta tara lambobin duka a gefe guda, sannan ta ce fensirinsa ne ba shi da kyau. An ɗebi jini. Bai ambaci sunan ciwo ba. Ya ce mu koma ranar 19 ga Agusta, kuma in zo da wani babba a gidan.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Gwaggo ta ce ranar Asabar ni zan dafa tunda awo yana hannuna, a zaunar da Mama a kujera, a ce wa mutane ita ta dafa. Ba ta son a ga matar yayanta tana laluben sunaye a gaban surukai. Kawu ya ce bai yarda ba. Shekara talatin da huɗu ba ta taɓa fashin tukunyar nan ba, har shekarar da take ɗauke da cikina wata takwas. Ya ce in muka raba ta da tukunyar, me muka bar mata? Kowannensu ya gama magana sai ya kalle ni, saboda ni nake kwana a gidan.

Shekarata ashirin da uku. Na iya auna gishiri, wannan kuwa ban san yadda ake auna shi ba. Don Allah ki sake roƙon shugabarku, ko kwana ɗaya ne. Ba don aiki nake kiran ki ba, akwai hannuwa. Ina so ne ta gan ki yanzu.

Allah ya bar mu tare.

Taki,
Auta


Lahadi, 3 ga Agusta, ƙarfe tara da minti biyar na safe

Yayata,

Ina gaishe ki, ina kuma fatan aikin jiya bai yi miki nauyi ba. Na san kin roƙa an hana ki, ban riƙe ki a zuciya ba. Zan faɗa miki yadda aka yi bi da bi, don in na tsallake wani abu ba zan iya komawa kansa ba.

Na bar ta ta dafa. Ba wani tunani mai zurfi na yi ba. Ƙarfe shida na safe na tarar da ita a kicin ta ɗaura zanen girkinta, ta riga ta matse lemon tsami tara, ta kuma kira shi da sunansa. Na kasa hana ta.

Mutum ashirin da tara ne suka zo. Kafin sha ɗaya tsakar gida ta cika, tukwane goma jere a kan dogon tebur. Kawu ya ajiye tasa wayam a ƙarshen layi, ya ce kada a taɓa, tana hucewa.

Sha ɗaya da minti goma Mama ta fara awo. Na ɗora babbar roba a kan sikeli, ta zuba kofi goma sha biyu ba kuskure, giram 2,160. Ta leƙa taga, ta ƙara na baƙo. Na ce a raina shi ke nan. Amma ba ta bar tagar ba. Ta dubi matar Kawu, ta ƙara hannu. Ta dubi 'ya'yan Gwaggo mata biyu da ta yi wa wankan jego, ta ƙara biyu. Haka ta riƙa bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, fuskarta a sake, irin ta wadda gidanta ya yi albarka. Ni kuwa idona yana kan lambobi suna hawa. Kowane hannu tsakanin giram 44 da 52. Na ƙirga goma sha huɗu.

Kawu yana tsaye a bakin ƙofar kicin, ya ga komai. Ya shigo yana washe baki, ya ce shi fa, ba za a ƙara nasa ba? Mama ta kaɗa masa ludayi ta ce, "Kai ba baƙo ba ne, ɓarawon ƙanzo ne, fita min daga kicin." Ya yi dariya sosai, ya juya ya fuskanci bango, ya daɗe yana gyara kalandar da ba ta karkace ba.

Daga nan ta waiwayo ta gan ni. Tazarar da ke tsakaninmu ba ta kai taku biyu ba. Ta yi min murmushi mai kyau, ta ce, "Sannu da aiki, 'yan mata. Ke 'yar gidan wa ce?" Ta ce kada in ji kunya, nan gidan ba a tashi da yunwa. Ta tura hannu cikin buhu, ta ciko shi har yana zuba ta tsakanin yatsunta, ta sa a roba.

Giram 71, Yaya. Nawa ya fi na kowa.

Na ce na gode, Mama. Ta ce in wanke shinkafar sau uku.

Romo bai isa ba, don an ƙara kusan kofi huɗu a kan awo. Kawu ya kawo ruwan zafi ya zuba, ni kuma na manta ban ƙara gishiri ba. Shinkafar ta fito da laushi, ba ta da ɗanɗano. Mama da kanta ta zuba wa kowa. Gwaggo, wadda ba ta taɓa cin shinkafar nan ba tare da ta ce gishiri ya yi yawa ba, ta cinye, ta miƙa faranti aka ƙara mata, ta ce bana kam an dace. Kowa ya ci. Ba wanda ya tambaye ni komai, sai dai da za su tafi kowace mace ta rungume ni fiye da yadda aka saba. Kawu ya tafi da tukunyarsa wayam.

Yau da safe ta ƙwanƙwasa min ƙofa ta ce, Auta, tashi rana ta yi. Ta buɗe firij, ta tambaye ni wane marar lissafi ne ya dafa shinkafa haka da yawa. Na ce ni ce. Ta ce duk da sikelin?

Ki gyara abin da na rubuta miki a wasiƙar farko. Na baƙo ba giram 48 ba ne. Ki goge lambar, ki bar wurin haka.

Ta ce in gaishe ki. Da sunanki ta faɗa, na duba agogo, takwas da minti goma sha biyu.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta

Ga abubuwan da ban sani ba har yanzu, na rubuta su don kada in riƙa juya su a kai:

Sunan ciwon, da abin da jinin zai nuna ranar 19.

Ranar da ta manna takarda ta farko a kabad, da ko ta yi kuka ranar, ita kaɗai a gidan.

Minti nawa na yi ina baƙuwa jiya. Ban duba agogo ba.

Ko in amsa kiran aikin da kamfanin madara ya yi min na 1 ga Satumba. Ban gaya wa kowa ba sai ke.

Wanda zai dafa baɗi.

Ranar da za ki zo, da kuma in ta leƙa taga ta gan ki a tsakar gida da jakarki, hannu nawa za ta zuba.