Muryar Wendell a Akwatin Kamfani

Thunder Bay, farkon Maris

Zuwa ga Yaya Darlene,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Gordon. Yaya gwiwar nan taki? Kin daina hawa bene da kwandon wanki, ko taurin kan yana nan?

Abin da ya sa na ɗauki biro, kamfanin talabijin sun ce ƙarshen wata za su karɓe akwatinsu na naɗar shirye-shirye, wai sabo za su kawo. Yaya, mijina yana cikin akwatin nan. Kin tuna shekarar da 'yan tashar talabijin ta garinmu suka tare Wendell a kan tafki, ranar gasar kamun kifi ta cikin ƙanƙara? Yana sanye da jar hular da kika saƙa masa, riƙe da wani ɗan kifin da ko kyanwa ba za ta ƙoshi da shi ba, yana rantsuwa wai wanda ya kuɓuce masa ya kai tsawon hannunsa. Hotunansa gida cike, amma tun da ya rasu ba ni da muryarsa ko'ina sai nan. Mutumin da ko saƙon murya bai taɓa bar wa kowa a waya ba.

Ɗana Curtis ya zo Lahadi da kwamfutarsa da igiyoyi jibgi, yana cika baki. Ya wuni a tsugune, ya cinye min biredin ayaba kaf, sannan ya ce abin a kulle yake. Wai duk abin da akwatin ya naɗa, a cikinsa kaɗai yake buɗewa, don kada mutane su kwafi fim su sayar. Na ce, wa zai sayi Wendell da ƙaryar kifinsa? Na buga wa tashar, suka ce tsofaffin labarai ba sa ajiyewa.

Tsoro nake ji, Yaya. Na fara mance yadda yake kiran sunana, kada wannan ma ta tafi.

Ƙanwarki,
Loretta

Thunder Bay, farkon Afrilu

Yaya Darlene,

Ina gaishe ki, ina gaida Gordon. Na ji daɗi da gwiwa ta yi sauƙi. Na ga wasiƙarki, kuma a'a, ban ɓoye akwatin a ɗakin ƙasa na ce an sace ba. Ke dai ba kya canjawa.

Curtis ya ce dabara ɗaya ta rage, a ɗauki bidiyon fuskar talabijin da waya. Ya jera littattafai a kan teburin kofi, ya jingina wayar, ya ja labule, har firiji ya kashe saboda ƙara. Ya ce, "Mama, don Allah ko tari kada ki yi."

Na zauna a kujerata na kame baki. Wendell ya fito, hanci ja wur. Na daure har ya ware hannuwa yana gwada girman kifin. Wallahi ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba, na ce, "Ƙarya kake, Wendell, ƙugiyarka ciyawa ta kamo." Haka nake ce masa duk sanda muka kalla tare. A daidai nan kuwa, kin sani, yake kallon kyamara ya tuntsire da dariya.

Curtis ya dafe kai, ya ce a sake. Muka sake, aka samu mai kyau, tsit babu motsin kowa. Ya tura min duka biyun, ya kwafa a wurare uku, ke ma zai aiko miki.

Jiya mutumin kamfani ya zo ya cire akwatin. Na ba shi kofi, ban yi kuka ba sai da motarsa ta bar layi.

Mai kyan sau ɗaya na kalla. Ta farkon nake kunnawa da safe, in na zauna da kofina. Hoton a karkace yake, ga inuwar kan Curtis a gefe. Amma a cikinta ina yi masa tsiya, shi kuma yana yi min dariya.

Ki kula da gwiwar nan.

Taki har kullum,
Loretta