Ƙorafi Kan Kisan Bobo a Bakin Famfo

Daga: Jonah Yamusa,
Direba, Layin Famfo, Mpape.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Kwamitin Tsaron Unguwa,
Mpape, Abuja.

18 ga Maris, 2024.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: KISAN KARE MARA LAFIYA DA DUKAN DA 'YAN SINTIRI SUKA YI MINI

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina gabatar da kukana kamar haka:

1. Bobo karen uwar ɗakina ne ta Maitama, irin masu shafaffiyar fuskar nan. Hancinsa a matse yake tun haihuwa, ko a farke yake minshari yake yi. Likitan dabbobi ya ce a kawo shi ya buɗe masa ƙofofin hanci, ya kuma gargaɗe ni cewa zafi na iya kashe shi.

2. Ranar 14 ga wata, muna hanyar asibitin da tsakar rana, mota ta mutu a hawan Mpape. Bobo ya fara haki, kumfa na zuba, harshensa ya yi shuɗi. Na rungumo shi zuwa famfo don in jiƙa shi.

3. Nan wani ya yi ihun mahaukacin kare. Kure, jagoran 'yan sintirinku, bai tambaye ni komai ba. Ya sauke wa Bobo gora a ka, sauran suka bi da duwatsu. Na kwanta a kansa ina roƙo, suka haɗa da ni har ƙashina ya karye. Karen da ko tsayuwa ba ya iyawa, shi ƙarti suka taru a kai, wai jarumtaka. A ƙarƙashin ƙirjina minsharin ya tsaya, kuma har yau abin yana ci mini rai.

4. Yanzu ana yaɗa cewa ya cije ni, haukan na jikina. Mai gidan haya ya ce in fita da iyalina kafin ƙarshen wata.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma ya sa a karɓo gawar Bobo daga hannun likitan, inda aka kai ta, a gwada ta ko da ciwon hauka, a faɗi sakamakon a bakin famfon nan gaban jama'a, sannan a hukunta Kure.

A gafarce ni da munin sa hannu. Da hagu na yi, damar ce suka karya.

Naka cikin ladabi,
Jonah Yamusa