Idon Babanka da Hanyar Gida

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka da jikokina. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan da sauƙi. Auta lafiyarta ƙalau, Gwaggonka dai ƙafar ce har yanzu, ni kuma bayana bai sake ni ba tun da muka baro wurinku. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san da girma na koya. Ban kira ka a waya ba don duk abin da na faɗa a gidan nan a kunnen Babanka yake.

Mun ce maka mun iso lafiya. Mun iso ɗin, amma sai washegari. Ba mu yi nisa ba muka tarar wata tirela ta faɗi ta tare hanya, muka yi ta zama cikin rana har ruwan gorarmu ya yi zafi. Da aka buɗe hanya, Babanka yana tuƙi ya riƙa cewa in karanta masa allunan gefen titi, wai ya ga ko karatun nawa na gaske ne. Ni kuwa har daɗi nake ji, ina ta haɗa baƙi, yana tsokanata da Malama. Can sai na ji ƙauri. Na ce masa allurar zafin injin ta kwanta a kan ja, ya ce ba komai. Kafin ka ce me, hayaƙi ya turnuƙe, mota ta mutu.

Wasu bayin Allah suka taya mu tura ta rumfar wani bakanike. Ya ce ruwan lagireto ya ƙafe, wani abu ya ƙone a injin, kuma sai an aiko da shi daga gari. A kan bencinsa muka kwana, sauro ya yi yadda ya so da mu. Da safe ya gama gyara, ya miƙo makulli, sai na ga Babanka ya kai hannu gefe ya damƙi iska. A nan na gane allunan nan ba gwada ni yake yi ba, shi ne ba ya ganinsu. Sauran hanyar da addu'a na ƙarasa ta.

Da muka huta na yi masa magana a hankali, ya ce, "Tun ba ki san bambancin birki da totur ba nake kan sitiyari." Ka san motar nan kaɗai ta rage masa tun da ya bar aikin direba, ban so in karya masa zuciya. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya rantse shi zai mai da Auta makaranta da kansa ranar Asabar ta ƙarshen wata, a wannan hanya mai tireloli.

Maganarka kaɗai yake ji. Ka ce kai ka lura da idonsa lokacin da muka zo, kana so likita ya duba shi. Kada sunana ya fito.

Gwaggonka da Auta suna gaishe ku. Ka gaida maiɗakinka da surukanka, ka shafa mini kan takwarata. Don Allah amsarka ta riga Asabar ɗin nan isowa. In ba ta zo ba, ba ni da dabara sai in shiga gaban motar in ci gaba da karanta masa hanya.

Mahaifiyarka