Ruwan Bagaruwar da Kika Dafa, Inna

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ɗiya ke yi wa uwa, ina fata kina cikin rahamar Ubangiji. Tun rasuwarki ban zo miki da ƙara ba, yau kam na zo.

Wasu mata sun zo Kaoje ranar kasuwa, cikin farar mota, da ankonsu, suka tara mu a ajin firamare. Wai ƙungiya ce mai neman a gyara dokar fyaɗe, a daina kashe maganar a zauren mai gari, a daina barin mai laifi ya tsallaka Benin ya dawo kamar ya je cin kasuwa. Suna so mu dangwala hannu a takarda, mai labari kuma ta bayar. Kin san halina, ko mai allurar rigakafi sai na tambaye shi wa ya aiko shi. Na zauna a baya ina hararar wadda ke ɗaukar hoto da waya. Na ce a raina, yau su kwashi sirrinmu, gobe a yaba musu a Birnin Kebbi, mu a bar mu da kunya.

Sai wata malamar asibiti a cikinsu ta ce kada a wanke yarinya, kada a taɓa zanenta, a kai ta asibiti yadda take, don idan an wanke shaida ta tafi. Nan take zargina ya bar kansu ya dawo kanki.

Kin tuna ranar da ƙanwata, wadda ba zan kira sunanta a nan ba, ta dawo daga korar tsuntsaye a gonar shinkafa tana jan ƙafa? Ba ki yi kuka ba. Kika dafa bagaruwa, kika zaunar da ita a ruwan zafi kamar mai jego, zanen kuma aka cusa shi murhu. "Ɗiyata ba ta zama abin kallo," kika ce. Kafin Baba ya dawo daga sallar la'asar an gama komai.

Wanda ya yi mata abin ɗan wan Baba ne. Ya haura Benin damina biyu, ya dawo, yanzu a sahun gaba yake salla. Bana kuma ɗiyata ce ke korar tsuntsaye a gonar.

Ke ungozoma ce, Inna, kin sha zuwa bita a Bagudo. Kin san abin da ruwan nan zai tafi da shi? Ɗiyarki kika rufa wa asiri ko dangin mijinki? Kwana uku ina juya wannan tambaya, abinci ya ƙi ciwuwa.

Da na gaji na kira ƙanwata na faɗa mata. Sai ta ce, "Yaya, ni nir roƙe ta ta wanke ni. Ba ni iya zama da warinai jikina." Na yi kuka, Inna. Amma zanen ba ta roƙa a ƙona ba, ke kuma ba kya nan balle ki amsa mini.

Ta yarda in faɗa wa matan nan, ban da sunanta. Har yanzu ban sake jiki da su ba, mai wayar nan sai ta ajiye ta kafin in buɗe baki. Amma zan je, kuma da nawa zan fara: ni na hura wutar, ni na miƙo miki zanen.

Allah ya gafarta miki abin da kika sani da wanda ba ki sani ba, ya gafarta mini, ya haskaka kabarinki. Ina kewarki duk da haka.

Taki har kullum,
ɗiyarki ta fari.