Ɓargon Yaya

Zuwa ga Ummata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya jikin Baba? Allah ya sa hannun ya fara motsi. Kada ki damu da rashin biyo mu, in kin taho wa zai juya shi a gado?

Ni da Auta mun sauka ƙasar nan lafiya. Ƙungiyar agajin da ta kawo mu ta cika alkawari, ta ba mu ɗaki a wani gida daura da asibiti. Duk mazauna gidan masu jinyar yara ne da ke fama da cutar daji. Kicin ɗaya muke amfani da shi, kowa da harshensa, sai gaisuwa da ka. Wata dattijuwa da ke jinyar jikarta ce ta koya mini injin wanki da nuni, bayan ta gama yi mini dariya.

An sake gwada jinina, likita ya ce ɓargona ya dace da na Auta. Da Auta ya ji, cewa ya yi shi ke nan, zai warke ya tashi da surutu irin nawa da son jiki. Ki sa mu a addu'a.

'Yarki,
Yayar Auta

Ummata,

Ina gaishe ki da Baba. Ki yafe mini daɗewar shiruna.

An yi dashen, an ɗebi ɓargona an sa wa Auta. Ni ƙuguna ne kawai ke ciwo, shi ma da sauƙi. Auta yana ɗaki shi kaɗai don kada ya ɗauki wata cuta, ta gilashi nake ganinsa. Bakinsa duk gyambo, ko ruwa da ƙyar yake haɗiya, amma in ya gan ni sai ya yi mini gwalo.

Jikar dattijuwar nan ta rasu. Masu agaji ne suka yi ta zirga-zirga har aka gama komai. Da za ta tafi ta kama fuskata da hannu biyu ta yi ta magana. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na san addu'a ce. Tun daga ranar nan, kicin ya yi mini faɗi.

Zazzaɓin Auta ya ƙi sauka. Ina jin tsoro, Umma. Kada ki gaya wa Baba.

'Yarki,
Yayar Auta

Ummata abar ƙauna,

Allah ya sa wannan ta same ki a zaune. Ina gaida Baba.

Ɓargon bai kama ba, cutar ta dawo da ƙarfinta. Likita ya ce sun yi iya yinsu. Na fita na zauna a matakala ina ta tuhumar kaina, abu ɗaya aka nema a jikina, shi ma ya gaza.

Yanzu an bar ni ina shiga wurinsa. Ban gaya masa komai ba, amma ya sani. Ya kalle ni ya ce, "Yaya, kin ba ni naki, jikina ne ya gaji. Ki kai ni wurin Umma."

Ƙungiyar ta sama mana kujeru a jirgin ranar Laraba, da keken marasa lafiya, da wata nas da za ta raka mu har gida. Ki sa a matso da gadonsa kusa da na Baba, ya ce yana da labarai da yawa da zai ba shi.

Umma, ya rame ƙwarai, ni kaɗai nake ɗaga shi. Ba za ki gane shi nan take ba. Na faɗa miki tun yanzu ne don ki yi kukanki ki gama kafin mu iso. Idan muka tsaya a ƙofa, ki daure ki yi masa faɗan daɗewa, kamar daga wasa ya dawo.

Taki har kullum,
Yayar Auta