Layi Ɗaya da Na Ƙara wa Aikina

Daren Laraba, Rurum

Bayana ciwo yake saboda hanyar Rano a kan babur, amma raina fes.

Jiya a ajin kwamfuta Malam Nasiru ya kashe min aikina. Ɗan shirin kwamfutar da na rubuta yana rage girman hotunan ɗalibai ɗari biyu, ɗaya bayan ɗaya, kuma kafin ya gama allon ba ya nuna komai. Malam ya ce kwamfutar ta maƙale. Na san tana aiki, amma bakina ya ƙi buɗuwa. Ya ce in an kuma, Sa'adatu 'yar ajinmu zai ba wa aikin.

Yau na ƙara layi ɗaya mai rubuta lambar hoton da aka kai. Da farko a ƙarshen shirin na sa shi, bai nuna komai ba sai da aka gama. Sai na mayar da shi cikin umarnin da ake maimaitawa a kan kowane hoto.

Shirin na cikin aiki Malam ya miƙo hannu zai kashe, sai ya ga "48 cikin 200" ta koma 49.

"Au, ashe tafiya take?"

"Jiya ma tafiya take, Malam." Ban san lokacin da maganar ta fito min ba.

Sa'adatu ta kwashe da dariya. "Yau dai Hassana da kwamfutarta sun iya magana!"

Malam ya jawo kujera, muka zuba ido har ta kai 200. Ya ce gobe ni zan tsaya gaban aji in nuna yadda na yi. Na ce to.